Ɗaya na Tuƙi, Ɗaya na Barci: Amanar Wa ke Hannun Wa?

A Amurka doka ba ta yarda direban tirela ya wuce awa 11 yana tuƙi ba, kuma dole waɗannan awanni su faɗa cikin awa 14 daga lokacin da ya kama aiki. Bayan nan sai ya huta awa 10 kafin ya sake taɓa sitiyari. A da littafin takarda ake cikawa, wanda mai wayo kan yi wa kwaskwarima, amma tun Disamban 2017 yawancin manyan motoci na ɗauke da na'ura a jone da inji, ita ke rubuta kowane minti da taya ta juya. Tsakanin Los Angeles da New York akwai mil kusan 2,800, wato wajen kilomita 4,500. Direba ɗaya mai bin doka zai ci kwana biyar a wannan hanya, alhali latas da sauran kayan lambun Kalifoniya ba sa jira, mai saƙon gaggawa ma ba ya jira. Sai kamfanoni suka lura da wata kafa: mutum doka ta ce ya huta, ba ta ce mota ta huta ba. Aka sa direba biyu a kan mota ɗaya, da gado a bayan kujeru, da labule tsakani. Ɗaya na tuƙi ɗaya na barci, in lokaci ya yi su yi musanya, kaya su isa kafin kwana uku su cika. Wannan shi ne tuƙin karɓa-karɓa, kuma yawanci muhawarar da ake yi a kansa ta kuɗi ce da jin daɗi: nawa ake samu, ya ake jure warin ƙafar wani da minsharinsa. Tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce, wane irin alkawari ne ke tsakanin mutum biyu da kowannensu ke rufe ido a cikin ƙarfe mai nauyin tan 36 yana gudun fiye da kilomita 100 a awa, rayuwarsa a hannun ɗayan?

Masu goyon bayan tsarin ba su rasa hujja ba, kuma addini ma ya fi karkata gare su a kallon farko. Hadisai sun nuna ƙin mutum ya yi tafiyar dare shi kaɗai, kuma dalilin a bayyane yake: wanda ya faɗi babu mai ɗaga shi, wanda ya yi kuskure babu mai ce masa kul. Hanyoyin Amurka sun tabbatar da haka da jini. A watan Maris na 2009 wani direba mai suna Jason Rivenburg ya iso da lodi kafin lokacin sauke kaya, bai sami wurin ajiye mota mai tsaro ba, ya kwana a wani tsohon gidan mai da aka daina amfani da shi a jihar Karolina ta Kudu. A nan aka kashe shi a kan dala 7. Dokar da majalisa ta yi a 2012 don ƙara wuraren hutun manyan motoci sunansa take ɗauke da shi. A watan Yunin 2014 kuma wata tirela ta afka wa motar ɗan wasan barkwanci Tracy Morgan a babbar hanyar New Jersey, abokinsa James McNair ya rasu, hukumar binciken haɗurra ta gano direban ya haura awa 28 bai runtsa ba, domin ya tuƙo motarsa ta gida kusan mil 800 kafin ma ya kama aiki. Da akwai na biyu a gefensa, wataƙila da ya karɓe shi. Binciken da cibiyar nazarin sufuri ta jami'ar Virginia Tech ta yi a farkon shekarun 2000, inda aka dasa kyamarori cikin motoci, ya nuna direbobi masu tafiya su kaɗai sun fi yin gyangyaɗi a kan sitiyari kuma sun fi tilasta wa kansu ci gaba da tuƙi alhali barci ya ci ƙarfinsu. Ga kuma ɓarayin kaya, waɗanda motar da ke tsaye suke nema. Ga miji da mata da ke tuƙi tare, kuɗin mil duka na shiga aljihu ɗaya, ba wanda aka bari a gida yana ƙirga kwanaki. Duk wanda zai soki tuƙin mutum biyu dole ya fara amsa cewa kaɗaici ma yana kashewa.

Amma wannan binciken na Virginia Tech ya gano wani abu na biyu, kuma a nan maganar take. Masu karɓa-karɓa barcinsu a yayyanke yake, suna yawan farkawa fiye da wanda ya ajiye mota ya kwanta. Ba abin mamaki ba ne. Gadon na girgiza, birki na jefa mutum gaba, injin na ruri a ƙarƙashin kansa, kuma rabin lokaci da rana tsaka ake so ya yi barcin, ya tashi ya karɓi mota a sa'o'in da jikin ɗan Adam ya fi neman kwanciya, tsakanin ƙarfe biyun dare da asuba. Bahaushe ya ce barci ƙanin mutuwa ne, Alƙur'ani kuma a Suratuz Zumar ya haɗa karɓar rai a lokacin mutuwa da karɓarsa a lokacin barci cikin aya guda. Mai barci ba ya da ido, ba ya da hannu, ba ya iya cewa a rage gudu. Ya miƙa komai. To a cikin wannan mota amanar ba hanya ɗaya take bi ba, zagaye take yi. Wanda ke tuƙi yana riƙe da ran mai barci, wannan kowa ya gani. Abin da ba a cika gani ba shi ne mai barcin ma yana riƙe da ran mai tuƙi, domin barcin da yake yi yanzu shi ne idon da zai tuƙa ɗan'uwansa da shi nan da awa goma. In ya kwanta yana latsa waya har lokaci ya ƙure, ya ci amana tun kafin ya zauna a kujera, kuma ba na'urar da za ta kama shi, don ita abin da ta sani kawai shi ne yana bayan labule. Haka shi ma mai tuƙi, in yana taka birki da ƙarfi, yana shiga kwana da gudu, yana ƙure rediyo, to yana lalata barcin da shi kansa zai dogara da shi anjima. Tuƙin kowannensu ya rataya a kan barcin ɗayan, barcin kowannensu ya rataya a kan tuƙin ɗayan. Wanda bai yarda da hannun abokinsa ba ba zai yi barci mai nauyi ba, wanda bai yi barci ba kuwa hannunsa ba abin yarda ba ne, sai rashin yardar ya haifi ainihin abin da ake tsoro.

Za a ce ai kullum muna barci a motar haya da jirgin sama, hannun wanda ba mu sani ba, ba wanda ya mai da abin tambayar falsafa. Gaskiya ne, amma fasinja ba a jiran ya tashi ya karɓi sitiyari. In barcinsa ya lalace, shi kaɗai zai sauka da ciwon kai. Kuma tafiyarsa ta yini ce ko ta kwana ɗaya, ba ta makonni a jere cikin ɗaki da bai kai shagon mai shayi faɗi ba. Za a kuma ce ajali ba ya wuce lokacinsa, wanda Allah ya rubuta zai mutu a hanya zai mutu ko shi ke tuƙi ko wani. Wannan magana gaskiya ce da ake yawan ajiyewa a gurbin da ba nata ba. Mutumin da ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, an umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Imani da ƙaddara yana kwantar da zuciyar wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ba ya wanke wanda ya sa baƙo biyu a mota ɗaya don lissafin ribarsa, in abu ya faru ya ce haka Allah ya so.

Ɗaure raƙumi a nan kuwa yana farawa ne daga sanin wanda za ka kwanta a bayansa. An ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyadina Umar yana shaidar wani mutum da kirki, sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne, ko sun taɓa hulɗar kuɗi, ko sun taɓa tafiya tare. Da ya amsa babu ko ɗaya, Umar ya nuna masa cewa bai san mutumin ba. Tafiya ce ke tone hali. To tuƙin karɓa-karɓa a manyan kamfanoni ya kifar da wannan tsari: ana fara miƙa rai, sanin hali ya biyo baya. Wasu kamfanonin ma a kan haka suka gina kasuwancinsu. Su ɗauki sabon shiga, su koya masa tuƙi a bashi da sharaɗin zai yi musu aiki na wasu watanni, ya yi 'yan makonni da mai koyarwa, sannan a haɗa shi da wani, sau da yawa sabo irinsa, a sake su kan hanya. Mai koyarwar ma, in mota ta koma tafiyar dare da rana, barci yake yi a lokacin da ɗalibinsa ke tuƙi, sai a rasa wace koyarwa ce ake yi daga bayan labule. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin tirela ta Amurka sun daɗe suna nuna cewa a manyan kamfanonin dogon zango sauyin direbobi kan kai wajen kashi 90 cikin 100 a shekara, don haka baƙo da baƙo ne ƙa'idar, sanannu biyu su ne togaciya. Ga mata abin ya fi muni. A 2007 hukumar kare daidaito a wuraren aiki ta Amurka ta kai kamfanin CRST na jihar Iowa kotu a madadin mata kusan 270 da suka yi ƙorafin cin zarafi daga mazan da aka haɗa su da su a mota. Kotu ta kori mafi yawan ƙararrakin, wasu saboda ƙa'idar shigar da ƙara wasu saboda ƙarancin hujja, don haka ba a ce an tabbatar da zargin ba. Sai dai ba a bukatar hukuncin alƙali kafin a gane hatsarin kulle mace da namijin da ba ta sani ba a ɗaki ɗaya tsawon makonni, musamman in shi ne zai sa hannu a takardar da ke cewa ta iya aiki.

Sai tambayar da nake ganin ita ce ma'aunin komai: direba na biyu, don wa aka kawo shi? In don na farko ne, to duk lokacin da ɗayansu ya ce ya gaji sai a tsaya. In don kaya ne, to tsayawa hasara ce, kuma tsarin biyan kuɗi zai tabbatar da sun ji hasarar a jikinsu. Yawancin direbobin dogon zango a Amurka da mil ake biyan su, ba da awa ba, kuma dokar ƙwadago ta 1938 da ta ba ma'aikata ƙarin kuɗin wuce lokaci ta cire su daga ciki. Tun da aka sake wa harkar mara da dokar 1980, wadda shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu, gasa ta tsananta, farashin dako ya faɗi, ribar ta koma ga wanda motarsa ta fi yawan juya taya. Masu karɓa-karɓa ana biyan motar ne, su raba biyu. Ma'ana in ɗaya ya ce idona ya yi nauyi mu ajiye mota awa uku, ba aljihunsa kaɗai ya taɓa ba, ya taɓa na abokinsa. Kunya da kara, waɗanda a wani wurin kyawawan halaye ne, a nan sai su zama abin da ke rufe bakin mai gyangyaɗi. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Boston ta taɓo gindin maganar a Disamban 2023, a wata shari'ar da direbobi suka yi da kamfanin nan na CRST. Tambayar ita ce, awannin da direba ke kwance a gadon mota tana tafiya, nasa ne ko na kamfani? Kotu ta ce abin da ya haura awa 8 a rana lokacin aiki ne da ya cancanci biya, domin mutumin ba ya iya fita, ba ya iya zuwa ko'ina, kuma zamansa a wurin shi ke ba motar damar ci gaba da tafiya, amfanin kuwa na kamfani ne. Wato alƙalai sun faɗi a harshen doka abin da direbobi suka daɗe da sani: wannan kwanciyar ma aiki ce.

Turai ta amsa tambayar ta wata hanya, kuma bambancin ya isa a tsaya a kansa. A dokar Tarayyar Turai mai lamba 561 ta 2006, direba na tuƙin awa 9 a rana, yana hutun minti 45 bayan kowace awa huɗu da rabi. An yarda da direba biyu, har an sassauta musu: maimakon awa 24, cikin awa 30 ne ake bukatar kowannensu ya sami hutun awa 9. Amma wannan hutun na awa 9, in a cikin mota aka yi shi, ba ya shiga lissafi sai in motar a tsaye take. Sakamakon haka motar mutum biyu a Turai tana yin nisa fiye da ta mutum ɗaya, sannan ta tsaya cak, su biyun su yi barci a lokaci guda a kan gadon da ba ya motsi. Kaya suna isa, kasuwanni ba su rushe ba. Wannan ya nuna cewa motar da ba ta tsayawa ba dole ba ce da tuƙin mutum biyu ya zo da ita, zaɓi ne da wata ƙasa ta yi, wata ta ƙi.

Hujja mafi ƙarfi da ta rage wa ɗaya ɓangaren ita ce ta yarda. Baligai ne, sun san abin da suka shiga, da yawansu baƙi ne daga Somaliya ko Punjab ko gabashin Turai da ke neman tara abin aikawa gida cikin sauri, wa ya isa ya hana su? Ba na raina wannan hujja, don mai cikakken ciki ne kan yi saurin yi wa mai nema wa'azin hutu. Fiƙihu ma bai hana mutum biyu su haɗa ƙarfin jikinsu su raba abin da suka samu ba. Malaman Malikiyya sun halatta tarayyar aikin jiki in aikin iri ɗaya ne ko ɗaya na dogara da ɗaya, kuma rabon ya bi gwargwadon aikin, ko da yake Imam Shafi'i bai yarda da ita ba saboda rashin tabbas kan abin da kowa ya zuba. Amma yarda tana da iyaka ta fuska biyu. Ta farko, jiki ba mallakar da mutum zai sayar yadda ya so ba ce. Lokacin da Abdullahi ɗan Amr ya ɗora wa kansa azumin kullum da tsayuwar dukan dare, an hana shi, aka tuna masa cewa jikinsa da idonsa da iyalinsa duk suna da haƙƙi a kansa. In ba a yarda a hana ido barci don nafila ba, da wuya a ce an yarda a hana shi don latas ya isa New York ranar Laraba maimakon Juma'a. Ta biyu kuma ta fi sauƙin fahimta: mai ƙaramar mota da ke gaban tirelar nan da 'ya'yansa a baya bai sa hannu a kowace yarjejeniya ba. Mutum na iya yafe haƙƙinsa, ba ya iya yafe na wanda zai murƙushe.

Akwai kuma wani abin ban takaici da masu tallar tsarin ba sa faɗa, wato abokantakar da ake alkawari ita ce abu na farko da tsarin ke cinyewa. In mota ba ta tsayawa, to mutanen nan biyu kusan ba sa haɗuwa ido biyu sai wajen musanya da shan mai. Mai tuƙin dare shi kaɗai yake, har ya fi mai tafiya shi kaɗai takura, don ba ya iya ɗaga murya a waya ko ya sauke gilashi iska ta buge shi. Ba cin abinci tare, ga Musulmi kuma sallar farilla na bukatar a sauka a fuskanci alƙibla, ko da an haɗa an yi ƙasaru, kuma kowace tsayawa sai an yi cinikinta da agogo. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro watanni suke yi a hanya, hatsarinsu ya fi na yau, amma ayari na da zango, inda ake sauke kaya, dabba ta huta, mutum ya huta. Madugun da ke yanke shawarar tashi da sauka yana cikin ayarin, ƙishin da ya kama su ya kama shi, 'yan fashin da suka tare su sun tare shi. Sunna ta ce matafiya in sun kai uku su naɗa shugaba a cikinsu. A motar karɓa-karɓa akwai na ukun, shi ne ma'aikacin ofis mai raba lodi da ke aiko saƙo yana tambayar me ya sa mota ta tsaya. Shi ke da ikon madugu, amma ba ya cikin tafiyar, kuma in mota ta kife a jihar Wyoming cikin ƙanƙara, shi a gidansa zai kwana.

Saboda haka ba yawan mutanen da ke kan mota ne ke raba tuƙin da ya dace da wanda bai dace ba. Miji da mata, ko wa da ƙani, ko abokai da suka zaɓi juna bayan sun san hannun juna, waɗanda motar tasu ce ko kuma suna da bakin cewa yau ba za mu wuce nan ba, sun sami alherin da hadisin tafiya ke nufi. Baƙi biyu da kwamfutar kamfani ta haɗa, bashin makaranta a wuyansu, kuɗin mil na korar su, sunan dai ɗaya ne da na farkon.

Mu ma a nan muna da namu salon, sai dai ba a rubuce yake ba. Tirelar da ta ɗauko shanu daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas ba ta son tsayawa, don dabba na ramewa a hanya, wata ma ta mutu. In dare ya raba maigida ya ji ido ya yi nauyi, sau da yawa yaron mota ake miƙa wa sitiyari, wanda da haka ne ma yake koyon aikin, ko yana da lasisi ko ba shi da shi, bayan ya yini yana ɗaure kaya da canza taya. Ta fuska ɗaya sun fi na Amurka, don maigida ya san yaronsa shekara da shekaru, ya san iyayensa. Ta ɗaya fuskar kuma yaron ba shi da bakin cewa maigida ni ma na gaji, kuma ba inda aka rubuta awa nawa kowannensu ya yi a farke. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana iya duba lasisi da taya a bakin hanya, amma jami'in da ke tsaye a Mokwa ba shi da hanyar sanin yaushe rabon direba da barci. Masu iya sani su ne waɗanda ke wurin lodi: ƙungiyar masu motoci ta NARTO, ƙungiyar direbobi ta NURTW, da reshen direbobin tanka na NUPENG. Su ke karɓar kuɗin tasha, su suka san wa ya iso jiya da dare kuma ake son juya shi yau da safe. In za a ɗora direba na biyu a kan motocin Legas zuwa Maiduguri, a wurinsu ne za a rubuta sunan mutum biyu masu lasisi, a kuma sa wa mai kaya ranar isowa da ta ƙunshi kwana ɗaya a Tafa ko Mararrabar Jos da inji a kashe.